Dila, kurege da girman harsashi: wace bindiga ce ta dace da dajin Adar?

Tun da bidiyon farautar Amurka ya cika wayoyi, gardamar bindiga a fadojin Tahoua ta sauya salo. Da can musun tsakanin bindigar toka ne da kaliba 12, wato bindigar kartush mai watsa ƙwayoyi. Yanzu kuwa sai ka ji saurayin da bai taɓa kwana a garke ba yana rantsuwa cewa dila ba shi da magani sai .22-250, wani ya ce a'a, .223 ce, na uku ya ce duk wasan yara ne in ba .243 ba. Lambobin ba ƙarya ba ne, bindigogin ma suna yin abin da aka gani. Sai dai an ƙera su ne don buƙatar mutanen can, kuma buƙatar makiyayin Abalak ko manomin Keita daban take.

A jihohin Amurka irin su Wyoming da Dakota ta Kudu, maharbi yakan kafa tebur a fili fetal, ya wuni yana harbin wata ƙaramar dabba mai kama da kurege daga nisan mita 300 ko 400, ya ƙone ɗaruruwan harsasai kafin rana ta faɗi. Ɗaya abin farautar tasu shi ne koyot, ɗan'uwan dila mai kai kilo 20. Irin wannan aiki shi ya sa suke neman harsashi mai tsananin gudu, wanda ba ya saurin sunkuyawa ƙasa.

Mu kuwa masu yi mana ɓarna sanannu ne. Kurege mai tone irin gyaɗa da wake bai cika wuce kilo ɗaya ba. Gafiya ta ɗan fi shi. Yanyawa mai ɗauke kaji kilo 2 zuwa 3 ce. Dila, wanda shi ne babban abin kukan masu awaki da tumaki, tsakanin kilo 7 da 15 yake. (Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2015 ya nuna dilan namu ya fi kusa da kyarkecin Turai a kan dilan Asiya, amma hakan bai ƙara masa ko kilo ɗaya ba.) Nisan ma ba ɗaya ba ne. Tsakanin sabara da geza da tuddan yashi da kwazazzabai, da wuya ka samu dila ya tsaya maka a fili fiye da mita 150, kuma mafi yawan lokaci bai kai haka ba.

Lambar da ake kira kaliba faɗin ƙwayar harsashi take nunawa, shi ma a ƙiyasce (ban da kaliba 12, wadda lissafinta daban ne). Amurkawa da inci suke awo, saboda haka .22 kashi 22 ne cikin 100 na inci, wajen milimita 5.6 ke nan. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin .22 LR da .22 Hornet da .222 da .223 da .22-250 duk faɗin ƙwayarsu kusan ɗaya ne. Ka jera uku a tafin hannunka ka gani. Na .22 LR tsawonsa santimita 2 da rabi ne, ƙwayar darma tsirara a kan ɗan siririn kwanso. Na Hornet ya haura santimita 4. Na .22-250 ya kai santimita 6, kwansonsa mai ƙiba, da faffaɗar kafaɗa da siririn wuya. Bambancin yana cikin yawan albarushin da ke bayan ƙwayar, shi ke ba ta gudu, kuma in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu sau huɗu yake ninkawa. Ƙwayar .22 LR mai giram 2.6 tana fita da gudun mita 370 a daƙiƙa, ƙarfinta bai kai jul 200 ba (jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugu). Ta .22-250 giram ɗaya kawai ta fi ta nauyi, amma tana fita da gudun mita 1,120, ƙarfinta ya haura jul 2,200. Ninki goma sha biyu ke nan daga bakin bututu mai faɗi ɗaya.

A fara da ƙaramar. .22 LR tun 1887 ake yin ta, kuma har yau babu harsashin da ya kai ta yawa da araha a duniya. Sinadarin da ke kunna albarushinta a gefen gindin kwanson yake, shi ya sa in ka ɗauki kwanson da aka harba za ka ga ɗan tabon bugu a bakin gefe, ba a tsakiya ba. Ba ta da ƙara sosai, ba ta dukan kafaɗa. Ga kurege da gafiya da zomo a cikin mita 50 zuwa 70, ba a buƙatar abin da ya fi ta. Bayan nan sai ta fara gajiya: bindigar da aka daidaita saitinta a mita 50, in aka kai mita 100 ƙwayar ta sauka da santimita 15 zuwa 20, wanda ya fi kaurin jikin kuregen gaba ɗaya.

Shin tana kashe dila? Tana kashewa in an same shi a kai daga kusa, ta sha kashe abin da ya fi dila ma. Amma a ganina bai kamata a zaɓe ta don wannan aikin ba. Dila ba ya tsayawa cak, kansa ƙarami ne, in ƙwayar ta kauce ta shiga ciki ko cinya sai ya tsere da rauni, ya je ya yi kwanaki yana jinya a rami. Hadisin Shaddad bin Aus da Muslim ya ruwaito ya umarce mu da kyautata kisa in za mu kashe, bai kuma ware dabbar da ta yi mana ɓarna ba. Ko ta fuskar amfanin kanka, dilan da ya gurgunce ba zai iya bin zomo ba, ɗan akuyar da aka ɗaure shi zai fi masa sauƙi.

.22 LR tana da ƙanne biyu. .22 Magnum ta kamfanin Winchester, ta 1959, ƙarfinta ya ninka na yayarta fiye da sau biyu, tana iya dila a cikin mita 70 zuwa 80 in an buga a ƙirji. .17 HMR ta kamfanin Hornady, ta 2002, ƙwayarta giram 1.1 ce kacal, tana gudun mita 775. Ta ƙware a kan kurege har mita 120 da ɗoriya, kuma tana tarwatsewa da zarar ta taɓa ƙasa, amma a jikin dila takan fashe a kafaɗa ba ta shiga ciki ba.

Inda maganar dila ta fara da gaske shi ne harsasan da ake kunnawa ta tsakiyar gindi, kuma a cikinsu wadda aka fi yi wa rashin adalci ita ce .22 Hornet. Tsohuwa ce, tun 1930 take kasuwa, masu bidiyo ba su cika waiwayarta ba saboda ba ta da abin burgewa. Ƙwayarta giram 2.9, gudu mita 820, ƙarfi dab da jul 1,000. Wannan ya ishi dila har mita 150, wato daidai iyakar nisan da dajinmu ke bayarwa. Ƙararta ba ta kai ta manyan ba, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke harbi kusa da garke, ba ta cin bututu, yaro mai ƙarfin hannu ma zai riƙe ta ba tare da tsoron bugun kafaɗa ba. Tsoron nan ba ƙaramin abu ba ne: mai jiran duka yakan runtse ido ya fizgi kunama, kuma kuskuren harbi da yawa daga nan yake fitowa.

Sama da ita sai .222 Remington ta 1950, wadda ta yi shekaru tana lashe gasar daidaiton harbi. Giram 3.2, gudu wajen mita 950, ƙarfi kusan jul 1,500. Ga ma'auni mai kyau na isarta: dokar farauta ta Jamus ba ta yarda a harbi ƙaramar barewarsu, mai kilo 15 zuwa 30, da harsashin da ƙarfinsa bai kai jul 1,000 a nisan mita 100 ba, kuma .222 tana cika wannan sharaɗi. Abin da ya ishi barewa mai kilo 25 ai ya ishi dila mai kilo 10 har da saura.

.223 Remington ta ɗara .222 kaɗan, giram 3.6 da gudun mita 990. A Amurka ta danne kowa, ba don ta fi daidaito ba, sai don ita ce tagwayen harsashin soja 5.56x45, ga yawa ga araha. Abin da ya ɗaukaka ta can shi ne matsalarta a nan. A Faransa ma, kafin sauyin dokar makamai na 2013, ana lissafa irin waɗannan kaliba cikin makaman yaƙi, shi ya sa mafarautan ƙasar suka rungumi .222. Akwai kuma haɗarin da mutane ba su sani ba: harsashin soja 5.56 yana shiga bindigar da aka rubuta .223 a jikinta lafiya lau, amma ɗakin harsashin ba iri ɗaya aka sassaƙa ba, matsin da ke tasowa zai iya wuce abin da aka gina bindigar a kai. Abin da aka zana a jikin bututu shi kaɗai ake saka mata.

.22-250, wadda kamfanin Remington ya fito da ita kasuwa a 1965, da yayarta .220 Swift ta 1935, su ne sarakunan gudu. Amfaninsu ba ya bayyana sai bayan mita 250. Kuɗin da ake biya kuwa tun daga harbin farko ne: ƙara mai toshe kunne, albarushi mai yawa da ke ƙona maƙogwaron bututu ya rage masa kwana, da zafi. A watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a inuwa, harsashin da ya wuni a cikin mota ko a rana matsinsa ƙaruwa yake, kuma waɗanda dama can suke aiki dab da iyaka su suka fi jin haka. .243 Winchester ta 1955 kuwa daga kwanson .308 aka ciro ta, ƙwayarta takan kai giram 6.5. Bindiga ce ta mai son abu ɗaya da zai yi masa dila ya kuma yi mugun dawa. A kan kurege daidai take da yanka albasa da gatari.

Da nisa ne kaɗai abin dubawa, da gardamar ta ƙare nan. Amma akwai iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana busawa daga arewa maso gabas, wani lokaci wuni guda bai lafa ba. Iska mai gudun kilomita 16 a awa, wadda a Adar ba a ma kiranta iska, in ta bugo daga gefe tana kautar da ƙwayar .22 LR da kusan santimita 13 a mita 100. Sai .223 ta kai wajen mita 200 kafin ta kauce haka. Ƙwaya mai sauƙi da mai gajeren jiki su iska ta fi ja, don haka .17 HMR da Hornet duk suna shan wahala a hunturu. Wannan ce hujja mafi ƙarfi da masu son manyan harsasai suke da ita, kuma gaskiya ce. Sai dai hazon da ke zuwa da iskar yana rage ganin maharbin shi ma, kuma matsowa da mita 40 ya fi sayen sabuwar bindiga sauƙi.

Abin da ya fi damuna a duk gardamar shi ne ba a maganar bayan dabba. Ana cewa in jifa ta wuce kanka ta faɗa kan kowa, to mai bindiga ba shi da ikon faɗin haka. Ƙwayar .22 LR da ake rainawa, in aka harba ta sama tana tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, kamfanoni ma suna rubuta gargaɗin a jikin kwalin. .223 da .243 suna wuce kilomita 3. Dajin Tahoua kuwa ba kango ba ne. Bayan tudun da dila ya tsaya a kai akwai yaro mai kiwo, akwai mata masu itace, akwai rugar Fulani ko zangon Buzaye da ba ka san sun sauka jiya ba. Ƙasar ma tana ƙara haɗarin. Yashi yana haɗiye ƙwaya, amma fako da jan dutsen tsaunukan Keita da Bouza tsalle suke sa ta, ta tashi da wani siririn kuka ta nufi inda ba wanda ya saita. Abin mamaki, .22 LR tana cikin waɗanda suka fi yin haka, domin gudunta bai isa ya farfasa darmar ba.

Shi ya sa irin ƙwayar ta kai girman kaliba muhimmanci, ko ta fi. Akwai wadda aka lulluɓe da jan ƙarfe har baki, irin ta soja, wadda sanarwar Hague ta 1899 da ta hana harsashi mai buɗewa a yaƙi ta sa ta zama ruwan dare. Tana ratsa dila ta fice da ƙarfinta, ta bar ɗan rami, dabbar ta gudu, ita kuma ta ci gaba da tafiya. Ba ta dace da farauta ba ko kaɗan. Akwai mai tattausan baki, inda ake ganin darma a tsini, tana buɗewa a cikin jiki ta sauke ƙarfinta a can, ita ce ta dila. Sai mai siririyar riga da ɗan roba a tsini, wadda ke tarwatsewa nan take, ta fi aminci a ƙasa mai duwatsu. Ko da wacce aka ɗora, dilan da ya tsaya a ƙoƙolin tudu sama ce kawai a bayansa ba abin harbi ba ne. A jira ya gangaro inda gaɓar kwazazzabo ko jikin tudu zai tare ƙwayar.

Sai doka, wadda bidiyon ba ya ɗauke da ita. Dokar farauta da kare namun daji ta Nijar, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998, ta hana farautar dare ko da fitila ko babu, ta hana farauta daga cikin mota, ta hana guba, ta hana makamai da harsasan yaƙi. Rabin abin da ake kallo a waya, wato harbin koyot da tsakar dare da madubi mai ganin ɗumin jiki, laifi ne a nan. Mallakar bindiga da takardarta, farauta ma da tata daga ma'aikatan gandun daji, kuma akwai jerin dabbobin da ba a taɓawa sam. Sayaki, kurar nan mai zane, tana raguwa a duniya har an sa ta cikin dabbobin da ke dab da shiga barazana, don haka in ita ake zargi, ofishin gandun daji ake nufa, ba neman .243 ba. Ga kuma halin tsaro. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Tillia da Tassara. Wanda aka tare a shingen jandarmomi da harsashi mai kama da na soja a aljihu, labarin ɗan akuyar da dila ya cinye ba zai fid da shi ba.

Duk wannan ya sa tsohuwar kaliba 12 ba ta tsufa ba. Baikal, ƙirar Rasha, mai baki ɗaya da ke rataye a ɗakunan maharba da yawa iyakarta mita 35 zuwa 40, amma a cikin wannan iyakar, da kartush mai manyan ƙwayoyi, dila ba ya tashi. Ƙwayoyinta suna saurin rasa ƙarfi, ba sa tafiyar kilomitoci, kuma kartush ɗinta ya fi na kowace bindiga mai tsagar ciki, irin su .22 da .223, sauƙin samu a yankin nan. Bindigar da babu harsashinta a kasuwar halal ba ta da amfani komai kyawunta, kuma wannan ita ce babbar nakasar Hornet da .17 HMR a wurinmu. Kafin a zaɓi kaliba, a fara tambayar mai shagon da ke da izini abin da yake kawowa a kai a kai.

Kafin harbi kuma a tabbatar da mai laifin. Dila yakan kama ɗan akuya a maƙogwaro, ka ga ƙananan hujoji na haƙora a ƙarƙashin muƙamuƙi, sannan ya buɗe ta kwiɓi ya fara da kayan ciki. Karnukan gari da suka koma daji aikinsu ba tsari: sukan yayyaga cinya da kunne da wutsiya, su raunata uku ko huɗu, su ci kaɗan. Ɓarna da yawa da ake ɗora wa malamin daji ta karnuka ce, shi kuwa yana can yana rage ɓeraye da fara da mushe. Manoman Karoo a Afirka ta Kudu sun haura shekara ɗari suna yaƙi da dilansu da bindiga da tarko da guba, har yau yana nan, domin yankin da aka kashe mai shi wani ne ke shigowa. Harbi yana amfani ne a kan dila ɗaya da ya koyi hanyar garke. Sauran aikin na shingen ƙaya mai kauri ne da kare mai gadi da killace 'ya'yan awaki da dare. Guba a mushe kuwa ungulaye take ƙararwa tare da karnukan makiyaya. In kare mai ciwon hauka ne hukuma ta ce a kashe, ba a harbinsa a kai, saboda ƙwaƙwalwar ake kaiwa gwaji.

Ga wanda takardunsa suka cika, zaɓina a taƙaice yake: .22 LR ga kurege da gafiya, .222 ga dila in ana samun harsashinta, Hornet in an yi sa'a, kaliba 12 kusa da gida. Wadda duk aka saya, a gwada ta kafin a kai ta daji. Inda ake son bugu a ƙirjin dila bai wuce faɗin santimita 10 ba. A zana da'ira mai wannan faɗin a kwali, a jingina shi da gaɓar yashi mai tsayi, a harba biyar daga mita 50 a irin zaman da za a yi a daji, ba a kan tebur ba, sannan a ja baya zuwa 75, zuwa 100. Nisan da biyar ɗin suka daina taruwa cikin da'irar, daga nan ba a harbin mai rai. A maimaita gwajin ranar da iska ke kaɗawa, a kuma sake shi duk lokacin da aka sauya kamfanin harsashi ko nauyin ƙwaya, domin kwali biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta da santimita da yawa a mita 100.